Ina Hutun Jinya Amma Manaja Bai Daina Kira Ba: Mene Ne Haƙƙina?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa a Kano, shekarata huɗu ke nan a wurin. An yi mini tiyata, likita ya rubuta mini hutun makonni huɗu, kuma ƙanina ya kai takardar ofis tun ina kwance a asibiti. Tun daga kwana na uku manajanmu yake kirana, wata rana sau biyu, wata rana har sau huɗu. Da farko gaisuwa ce, daga baya ta koma tambayar lissafi, shekaranjiya kuma ya aiko direba da kwamfutar ofis wai in haɗa rahoton ƙarshen wata tunda a zaune nake. Ya kuma matsa sai na faɗa masa ainihin abin da aka yi mini, alhali lalura ce da ta shafi mata. Ina tsoron in ƙi ɗaukar waya a ce na raina shi, ko ma a sallame ni. Shin doka ta ba shi damar yin haka? Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Idan na fahimce ki da kyau, abubuwa uku ne suka cakuɗe a cikin tambayarki, kuma sai an raba su kafin amsa ta fito: kiran wayar shi kansa, da aikin da ake so ki yi daga kan gadon jinya, da kuma neman sanin sirrin ciwonki. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kira yana da gurbi muddin an tsaya a kan iyaka, aikin ba shi da gurbi ko kaɗan, sirrin ciwo kuwa ke ce kike da iko da shi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun farkon shekarun 1970 aka tsara ta, lokacin da idan ma'aikaci ya bar ofis ya tafi gida, sai an tashi ɗan aike kafin a same shi. Saboda haka babu wani sashe a cikinta da ya ce mai ba da aiki ya kira ko kada ya kira ma'aikacin da ke jinya. Abin da ta yi magana a kai shi ne hutun kansa. Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi albashin har kwanakin aiki 12 a cikin shekara guda idan rashin lafiya ta wucin gadi ta hana shi zuwa aiki, muddin likita mai rajista ya tabbatar da hakan a rubuce. Sashen ya gindaya sharuɗɗa biyu: yarjejeniyar aikin tana nan ba ta yanke ba kuma ma'aikacin a shirye yake ya yi aikinsa ba don ciwon ba, sannan idan mai ba da aiki ya nemi wani likitan da ya zaɓa ya duba shi, ya amince. Sashe na 19 kuma ya fayyace cewa a wajen lissafin kuɗin jinya ana duba albashin ne kawai, ban da kuɗin ƙarin lokaci da alawus-alawus.

Ki lura da lissafin nan, domin ya shafe ki kai tsaye. Idan kwana biyar kuke aiki a mako, makonni huɗu kwanakin aiki 20 ke nan. Dokar ta lamunce miki albashin 12, sauran 8 kuma sai an duba takardarki ta ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikata na kamfanin. Kwanaki 12 ɗin nan mafi ƙaranci ne, ba rufi ba ne, kuma kamfanoni da yawa suna ba da abin da ya fi haka. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce watanni uku da fara aiki, kuma cikin abubuwan da dole a rubuta har da abin da zai faru idan ciwo ko rauni ya hana shi aiki. Saboda haka abu na farko da za ki sa a ɗauko miki daga cikin akwati shi ne wannan takarda.

Akwai wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 91 ya taƙaita wanda dokar take kira ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya fitar da waɗanda ke riƙe da muƙamin gudanarwa ko zartarwa, da masu aikin fasaha ko na ƙwararru. Kin ce kina sashen kuɗi, amma ba ki faɗi matsayinki ba. Idan kashiya ce ke ko akawu mai shigar da lissafi, dokar ta rungume ki. Idan kuwa ƙwararriyar akanta ce ke mai shugabantar sashe, kamfanin zai iya cewa sashe na 16 bai hau kansa ba game da ke, a nan kuma takardar ɗaukar aikinki da kundin ƙa'idojin su ne madogararki. Wannan bai bar ki ba kariya ba, kamar yadda zan nuna a gaba, amma ya sauya ƙofar da za a shiga ta cikinta.

Inda dubiya ta ƙare, aiki ya fara

A wajenmu gaida mara lafiya haƙƙi ne na addini da na zumunci, kuma shugaban da ma'aikaciyarsa ta kwanta wata guda bai ko kira ya ce mata sannu ba, mutane za su ce ba shi da kara. Daga nan matsalar take samun mafaka. Kiran yakan fara da "Ya jiki? Allah ya ƙara afuwa," a yi addu'a, a tambayi yara, sai can wajen sallama a ce, "Af, na kusa mantawa, kuɗin nan na dillalin Kaduna, a wane shafi kika sa shi?" Mara lafiya ba za ta iya katse wanda ya gama yi mata addu'a ba, sai ta amsa. Gobe tambayar ta zama biyu, jibi ta zama "ɗan duba mana," rana ta biyar kuma ga direba a ƙofar gida da jakar kwamfuta. Ban taɓa ganin lamarin ya faro da kwamfuta ba, kullum da gaisuwa yake farawa.

Ma'aunin da nake amfani da shi idan irin wannan ƙorafi ya zo teburina mai sauƙi ne. Nakan tambaya: abin da aka nema a wayar, tunowa kawai yake buƙata ko samarwa? Idan an ce miki ina makullin durowar da takardun banki suke, ko mece ce kalmar sirrin kwamfutar kamfani, ko wa kika bar wa littafin rasit, wannan tunowa ce. Kayan kamfani ne da bayanin da ya maƙale a hannunki, amsarsa ba ta wuce minti biyu, kuma ƙin bayar da shi zai iya zama laifi a kanki. Haka nan kamfanin yana da haƙƙin ya san ko ranar dawowarki tana nan yadda likita ya rubuta ko za ta motsa, domin ya tsara wanda zai riƙe aikin, kuma yana da haƙƙin sanar da ke abin da ya shafi albashinki ko wani sauyi a matsayinki. Amma idan an ce ki zauna ki haɗa lissafi, ki duba takardu, ki amsa wa abokan hulɗa, ko ki shiga taro ta waya, wannan samarwa ce, wato aiki ne, kuma likita ya riga ya rubuta cewa ba ki da ƙarfin aiki. Ba za a haɗa wa mutum hutun jinya da rahoton ƙarshen wata a rana ɗaya ba. Zaman da kike yi a gida shi ne maganin da aka rubuta miki, ba rarar lokaci ba ce da kamfani zai ci moriyarta.

Yawan kiran ma abin dubawa ne. Tambaya halattacciya sau ɗaya a mako wani abu ne daban da tambayoyi huɗu a rana, ko da kowacce ƙarama ce, domin idan aka tara su sun hana barci da natsuwar da jiki yake buƙata bayan wuƙar likita.

Wannan rabuwa ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Amurka, dokar hutun iyali da jinya ta 1993 ta ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa hutun har makonni 12, ta kuma haramta wa mai ba da aiki yi wa hutun shisshigi. Kotunan ƙasar sun sha yanke cewa ɗan gajeren kira jefi-jefi domin tambayar inda aka ajiye takarda ko kalmar sirri ba shisshigi ba ne, amma tilasta wa mutum yin aikinsa yana cikin hutu shisshigi ne. A Faransa kuwa, tun daga 2017 doka ta amince da haƙƙin ma'aikaci na kashe na'urorin aiki a lokacin da ba na aiki ba, kuma a 2024 babbar kotun ƙasar ta ce sa ma'aikaci aiki yana hutun jinya, shi kaɗai ya isa a biya shi diyya. Dokokin waɗannan ƙasashe ba sa aiki a Kano, amma ambaton su ba ado ba ne. Gyaran da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙorafi a kan rashin adalci a hulɗar aiki da kuma la'akari da kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Ta wannan ƙofa ce lauya yake shigar da irin wannan hujja, kuma ƙofar a buɗe take ga akawu da ga babbar akanta baki ɗaya.

Me ya sa yake yin haka?

A yawancin shari'o'in da na gani, mugunta ba ita ce a gaba ba, rashin tsari ne. Kamfani yakan ɗora lissafinsa gaba ɗaya a kan mutum guda, babu mataimaki da ya san inda aka sa komai, babu takardar miƙa aiki, sai ranar da mutumin ya kwanta manaja ya ga ƙarshen wata ya tunkaro, nasa shugabannin kuma suna jiran rahoto. Wani manajan kuma zargi ne ke ransa, yana kira ne ya ji ko muryarki ta mara lafiya ce. Akwai kuma mai ganin cewa tunda albashi yana tafiya, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan fahimta kuskure ce, domin albashin kwanakin jinya ba ladan aikin waɗannan kwanaki ba ne, haƙƙi ne da doka da yarjejeniya suka tanada saboda ranar da ba za a iya aikin ba. Sanin dalilinsa yana da amfani a gare ki, domin idan rashin tsari ne, bayanin miƙa aiki guda ɗaya zai iya kashe kiran gaba ɗaya.

Na daɗe a kan wannan ne saboda yin aikin yana da haɗarin da ba a hango shi. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa wurina bayan ya yi wa kamfaninsa alfarma, ya haɗa musu lissafi daga gida yana fama da ɗinki a ciki da magungunan rage zafi masu sa barci. Ya yi kuskure a jimillar wani shafi. Da ya koma aiki, takardar tuhuma ce ta tarbe shi a kan kuskuren, babu wanda ya tuna cewa alfarma ya yi. Abin da ya fi haka ciwo, da ya nemi ƙarin mako guda bisa shawarar likita, sai aka jawo saƙonnin da ya aika daga gida aka ce ai ga shaida nan yana iya aiki. Alherin da ya yi shi aka mayar sandar dukansa.

Sirrin ciwonki

A nan matsayinki ya fi ƙarfi. Abin da kamfani yake buƙatar sani shi ne cewa likita mai rajista ya tabbatar ba za ki iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza, da kuma ko akwai abin da za a sassauta miki idan kin dawo. Sunan cutar da irin tiyatar ba sa cikin abin da manaja yake buƙata domin tsara aiki. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta mayar da bayanin lafiyar majinyaci sirri, asibiti ba zai fitar da shi ba sai da rubutaccen izininsa ko umarnin kotu ko inda doka ta wajabta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri waɗanda ba a tattara su ko a yaɗa su haka kawai. Saboda haka idan manajan ya kira asibitin da kansa, bai kamata a gaya masa komai ba.

Idan kamfanin yana shakkar takardarki, hanyar da sashe na 16 ya buɗe masa ita ce ya nemi likitan da ya zaɓa ya duba ki, kuma ina ba ki shawara kada ki ƙi wannan idan an nema a rubuce, domin ƙin sa zai iya jawo miki asarar kuɗin jinyar. Kina iya roƙon a haɗa ki da likita mace. Abin da ya dace wannan likita ya kai wa kamfani shi ne ko kina iya aiki ko ba kya iyawa, ba labarin abin da ya gani ba.

Matakin da nake ganin ya fi

Hanyoyi biyu ne suka fi saurin zuwa zuciya, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Ta farko ita ce ki kashe waya ki yi shiru. Wannan yakan ba wa mai neman hujja abin da yake so, ya rubuta cewa an neme ki an rasa, kamfani ya tsaya saboda kin riƙe bayanansa. Ta biyu ita ce ki haƙura ki yi aikin domin a zauna lafiya, kuma kin ga inda wannan ya kai wanda na ba ki labarinsa. Abin da ya fi shi ne ki shata iyakar da kanki, sau ɗaya, a rubuce, cikin ladabi. Ki aika ta imel ko WhatsApp ga manajan, ki kuma aika kwafi ga sashen kula da ma'aikata idan kuna da shi. Ga misalin yadda za ki tsara ta:

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai da gaisuwa da addu'o'in da ake yi mini. Kamar yadda takardar likita da aka kawo ofis ta nuna, an umarce ni da cikakken hutu har zuwa ranar da aka rubuta, saboda haka ba zan iya haɗa rahoton wannan wata ba, kuma ina roƙon a ba wani ya riƙe. Na rubuta a ƙasa inda takardu da makullai suke, da abubuwan da na bari ba a kammala ba. Idan wata tambaya ta gaggawa ta taso game da su, a turo mini saƙo, zan amsa idan na samu ƙarfi. Duk ranar Alhamis zan sanar da ofis ko ranar dawowata tana nan. Game da bayanin ciwon, ina roƙon a bar shi tsakanina da likita."

Wannan saƙo ya ba kamfani duk abin da yake da haƙƙi a kai, bai kuma bar wa kowa damar cewa kin yi rashin kunya ba. Bayanin miƙa aikin kada ya wuce shafi guda, kuma idan zama yana wahalar da ke, ki faɗa ƙaninki ya rubuta. Kwamfutar kuwa ki mayar da ita ba tare da kin buɗe ba, wanda ya karɓa a ofis ya sa hannu da kwanan wata, domin duk abin da ya same ta a gidanki ke za a tambaya. Ki adana kwafin takardar likita, ki ɗauki hoton jerin kiran da ke wayarki, kada ki goge saƙo ko ɗaya. Idan ya kira ya faɗi wata magana mai kama da barazana, ki bi shi da gajeren saƙo mai cewa kin fahimci abin da ya ce a waya shi ne kaza, domin magana ta baka iska ce a gaban alƙali.

Idan kiran bai tsaya ba bayan wannan, ki kai ƙorafi a rubuce ga wanda ke sama da shi ko sashen kula da ma'aikata, sannan ƙungiyar ƙwadagonku idan kina cikin wata. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharki yana shiga tsakani a irin wannan saɓani, kuma sau da yawa wasiƙar lauya guda ɗaya takan wadatar. Abin da nake roƙon ki kada ki yi shi ne ajiye aiki cikin fushi. Kotun Ma'aikata ta san da batun wanda aka matsa wa lamba har ya ajiye aiki ba da son ransa ba, tana kuma ɗaukarsa tamkar kora, amma tabbatar da hakan yana da wuya, kuma ya fi sauƙi ki nemi haƙƙinki kina cikin aikin.

Tsoron sallama

Ba zan ce miki ba za a iya sallamar ki ba, domin kamfani mai zaman kansa yana iya kawo ƙarshen aiki idan ya ba da sanarwa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi sanarwar makonni biyu ga wanda ya yi shekara biyu amma bai kai biyar ba, wanda shi ne matsayinki idan dokar ta rungume ki, sai idan takardarki ta ba da fiye da haka. Sai dai zamanin da ake cewa mai ba da aiki yana iya kora da dalili ko ba dalili ya fara ja da baya. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1982, ta ce rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne. Najeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba, amma Kotun Ma'aikata, wadda take da reshe a Kano, ta sha dogaro da ita a matsayin kyakkyawar ƙa'ida ta duniya. Korar da ta biyo bayan ƙin yin aiki a cikin hutun da likita ya tabbatar, ga kuma saƙonni a ajiye, shari'a ce da lauya zai karɓa da ƙwarin gwiwa. Amma ki sani shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma ga ma'aikacin kamfani abin da aka fi samu diyya ce, ba mayarwa bakin aiki ba.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan abin da kika rubuto. Ban ga takardarki ta ɗaukar aiki ba, ban ga kundin kamfanin ba, ban kuma ji ta bakin manajan ba, saboda haka kafin ki ɗauki matakin da ya wuce saƙon da na tsara miki, ki kai waɗannan takardu wurin lauya ya karanta su. Batun ko jikinki zai ɗauki ɗan aiki kafin wa'adin ya cika kuwa, ba nawa ba ne kuma ba na manaja ba ne, na likitanki ne. Idan kin ga makonni huɗun ba za su isa ba, ki koma asibiti tun saura kwana uku ko huɗu a sabunta takardar, ta isa ofis kafin ta farkon ta ƙare, domin kwana ɗaya da ya faɗa tsakanin takardu biyu ana iya rubuta shi a matsayin fashin aiki. Ranar da za ki koma kuma, ki roƙi likita ya ba ki takardar da ke nuna kin samu ƙarfin aiki, ya rubuta a ciki idan akwai abin da za a ɗauke miki na ɗan lokaci, kamar hawa bene ko dogon zama a kujera.